Tarihin salansa: daga firgitar dawaki zuwa muryar aro

Kalmar salansa aro ce daga Turancin Ingila, kuma asalin ma'anarta "mai sa shiru". Duk wanda gidansa ko ajinsa ke bakin kwalta a Maraɗi ko Damagaram zai ji wannan fassara ya yi dariya, don kuwa abin da aka ƙera domin ya toshe bakin inji, shi ne yau samari ke kai wa mai walda ya buɗe masa maƙogwaro. Mu malamai da iyaye mun saba jingina abin ga rashin kunyar yaran zamani. To, yaran namu gado suka tarar. Sama da shekara 120 ke nan ana wannan ja-in-ja a Amurka da Turai, tsakanin mai mota da ke son a ji zuwansa, da maƙwabcin da ke son barci, da kuma wani na uku da ba a cika tunawa da shi ba, wato kunnen shi kansa direban. Wannan na ukun ya taka rawa babba a tarihin salansa, domin mutum yana iya toshe kunne ga ƙorafin maƙwabci shekara da shekaru, amma ciwon kai na awa biyu a bisa hanya ba ya iya haƙuri da shi.

Kafin mu shiga tarihi, ga ɗan lissafi irin wanda ɗalibin kwaleji zai iya yi a allo. Injin mota yana ƙona mai a kowace silinda sau ɗaya cikin juyi biyu. Da an ƙone, sai bawul ya buɗe, hayaƙi mai zafi da matsi ya fito da ƙarfi kamar an fasa balan-balan. Abin da muke kira ƙarar mota jerin waɗannan fashe-fashe ne, suna bin juna da saurin da kunne ba ya iya rarrabe su, sai ya ji su murya ɗaya. Inji mai silinda huɗu da ke juyi 3000 a minti yana juyi 50 a daƙiƙa, kowane juyi fashewa biyu, bugu 100 ke nan a daƙiƙa. Mai silinda takwas a juyi 2000 yana ba da bugu 133. Ku riƙe wannan 133 ɗin, za mu dawo kansa.

Motocin farko ba su da abin tare wannan fashewa sai ɗan guntun bututu. A titunan da dawaki ke jan keke da amalanke, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, don doki in ya firgita ya zabura, yaro ko tsohuwar da ke gabansa sun shiga uku. A garin Columbus na jihar Indiana, wani mai masana'anta da ake kira Milton Reeves yana cikin waɗanda suka fara ƙera mota a Amurka, kuma a watan Mayu na 1897 shi da ɗan'uwansa Marshall suka samu takardar mallakar fasaha ta tukunyar rage ƙarar inji. Dabarar da ke cikin irin wannan tukunya ba ta canza sosai ba har yau: a ba hayaƙi ɗaki ya bazu, a sa shi ya bi lunguna da ƙananan huji, kafin ya iso waje ƙarfin fashewar ya lafa.

Akwai wani suna da ya kamata mai sha'awar tarihin ƙasar Hausa ya tsaya a kansa. Hiram Percy Maxim injiniyan mota ne a Amurka, kuma a 1909 ya samu takardar mallakar abin rage ƙarar bindiga. Kamfaninsa na garin Hartford daga baya ya duƙufa ga ƙera salansar injuna. Mahaifinsa, Hiram Stevens Maxim, shi ne ya ƙirƙiro bindigar nan mai ruwan harsashi wadda sojojin Ingila suka ɗauko zuwa Kano da Sakkwato a 1903. Uba ya cika duniya da ƙara, ɗa ya ƙare rayuwarsa yana sayar da shiru.

Tun ba a je ko'ina ba direbobi suka fara kuka cewa tukunyar tana shaƙe inji. A wancan zamani suna da hujja: injuna ba su da ƙarfi (shahararriyar Ford Model T ta 1908 ƙarfin doki 20 gare ta), tukwanen kuma matsattsu ne. Sai aka fito da wata ƴar ƙofa a jikin bututu, gabanin tukunya, wadda direba zai buɗe da ƙafa ko da waya in ya zo hawan tudu, hayaƙi ya fice kai tsaye. Ba sai an faɗa ba, samari ba su jira tudu. Garuruwa suka shiga haramta ƙofar ɗaya bayan ɗaya, kuma har gobe dokokin jihohin Amurka da dama suna ambaton ta da sunanta. A New York wata likita, Julia Barnett Rice, ta kafa ƙungiyar yaƙi da ƙarar banza a 1906; da usur ɗin jiragen ruwa ta fara, daga nan ta nemi a keɓe kewayen asibitoci da makarantu a matsayin wuraren shiru, har ta sa ƴan makaranta suna alkawarin ba za su yi hayaniya kusa da marasa lafiya ba. A 1929 birnin ya kafa kwamiti ya bi tituna da na'urorin awo, da sabon ma'aunin nan na desibel, kuma rahotonsa na 1930 ya sa zirga-zirgar ababen hawa a sahun gaba na abin da ke damun jama'a.

Zuwa nan faɗan na mutum biyu ne, mai ƙara da mai jin ƙara. Zancen daɗin murya ya shigo ne da inji ɗaya. A 1932 kamfanin Ford ya saka inji mai silinda takwas, huɗu dama huɗu hagu, a motar da talaka zai iya saye. Irin wannan inji, in ka haɗa dukan silindojin, yana bugawa daidai wa daida. Amma in ka saurari gefe ɗaya kaɗai, tazarar bugun ba ɗaya ba ce: wata gajeriya, wata matsakaiciya, wata doguwa. To in aka ba kowane gefe bututunsa, abin da kunne ke ji ya fi kama da kiɗa mai tsalle fiye da ƙarar injin niƙa. Wanda ya taɓa sauraron makaɗin kalangu ya san cewa daɗin kiɗa yana cikin wannan ɗan jinkiri da ɗan gaggawa. Injunan Ferrari masu silinda takwas an tsara su ne kowane gefe ya buga a tazara ɗaya, shi ya sa su kururuwa suke yi, na Amurka kuwa gurnani.

Samarin kudancin Kalifoniya ne suka mai da wannan gurnani abin ado. Suna sayen tsofaffin Ford da araha, su cire duk abin da ke da nauyi, su tafi busassun tafkunan hamadar Mojave su gwada gudu. Sun kafa ƙungiyar auna gudu a 1937, kuma bayan yaƙin duniya na biyu, da sojoji suka dawo gida da ƙwarewar kanikanci da ɗan kuɗi a aljihu, abin ya zama ruwan dare. Mujallar Hot Rod ta fara fitowa a watan Janairu na 1948. A tafki ana buɗe bututun gefe gaba ɗaya, in za a koma gari a ɗaure shi da murfi saboda ƴan sanda. Amma wa ke son ya koma gari shiru kamar motar liman? Sai aka samu tsaka-tsaki: miƙaƙƙen bututu mai huji-huji, a naɗe shi da ulun ƙarfe, daga baya da audugar gilashi, a rufe da kwanon ƙarfe. Hayaƙi yana wucewa ba tangarɗa, audugar tana shanye tsinin ƙarar, sai kaurin ya rage. Wadda ta fi suna cikin irin waɗannan ita ce Cherry Bomb mai jan fenti, da ta fito a 1968. Kamfanonin mota ma kwaɗayin kasuwar ya ja su. A 1970 Pontiac ta saka wa motarta GTO wani maɓalli da direba zai ja ya buɗe salansa, wato tsohuwar ƙofar nan ta dawo da sabuwar riga, har aka yi tallarta a talabijin ranar babban wasan ƙwallon Amurka. Shugabannin General Motors suka ga abin zai jawo musu fushin hukuma, suka soke shi kafin a sayar da motoci 300.

A nan ne na ukun ya shigo. Audugar gilashi tana iya shanye siririn sauti domin zangonsa gajere ne, ƴan santimita. Sauti mai kauri kuwa zangonsa ya kai mita biyu ko uku, ƴar audugar da kaurinta bai wuce yatsu biyu ba ba ta ko san ya wuce ba. Muddin mota cikin gari take, ana taka totur ana saki, muryar tana hawa tana sauka, kunne yana jin daɗi. Amma daga 1956 Amurka ta shiga shimfiɗa manyan hanyoyi tsakanin jihohi, inda mutum zai yi awa uku ƙafarsa ba ta motsa ba. Bayan tsadar mai ta 1973 kuma aka ƙayyade gudu a mil 55 a awa, kamar kilomita 89, kamfanoni suka ƙara giya ta sama domin inji ya riƙa juyi a hankali ya rage shan mai. Sakamakon shi ne babban inji ya zauna tsakanin juyi 1800 da 2200 na tsawon tafiya, yana fitar da bugu 120 zuwa kusan 150 a daƙiƙa, ba hawa ba sauka. Dogon bututun da ke ƙarƙashin mota yana da nasa amon da yake amsawa, kamar kakaki. Ɗakin motar shi ma akwati ne cike da iska, kamar cikin ganga. In bugun inji ya dace da amon bututu, ya kuma dace da na ɗakin, sai su haɗa baki. Abin da ke fitowa shi ne wani diri mai cika kai, wanda ba ka san ta inda yake zuwa ba, kana jin sa a ƙirji da ƙeya, hira ta gagara, rediyo ta gagara, yaran da ke kujerar baya su ne suka fi shan sa domin su ke zaune bisa tukunyar. Wanda ya taɓa yin Maraɗi zuwa Ƙwanni a kujerar ƙarshe ta motar haya mai fasasshiyar salansa ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Mutumin da ya biya kuɗi don a ji shi daga nesa sai ya tarar shi ne ke shan azabar. Maƙwabci daƙiƙa goma yake ji mota ta wuce, shi kuwa yana ciki. Daga nan tambayar masu gyaran salansa ta canza. A da ana tambaya ne yaya za a ƙara ƙara. Yanzu sai aka koma neman yadda za a cire amo guda ɗaya tak a bar sauran.

Abin da ya fi burge ni a wannan tarihi shi ne amsar ta riga motar zuwa duniya. Hermann von Helmholtz, Bajamushe, likitan soja ne kafin ya zama malamin jami'a, kuma a 1863 ya fitar da littafinsa kan yadda kunne ke jin sauti. Don ya rarrabe muryoyin da ke cuɗe cikin sautin kayan kiɗa, ya yi amfani da wasu ƙwallayen tagulla masu rami, kowace da ɗan wuya. Kowace ƙwallo amo ɗaya take amsawa, gwargwadon girman cikinta da tsawon wuyanta. Duk malamin da ke da kwalbar lemo yana da wannan na'ura a ajinsa. A hura iska a bakin kwalba, za ta yi kuka mai kauri. A zuba ruwa zuwa rabi a sake hurawa, kukan zai sirance, domin iskar da ke ciki ta ragu. Iskar wuyan kwalbar tana kai da komo, ta cikin kuma tana matsewa tana sakewa kamar katifa. To in aka manna irin wannan kwalba ta ƙarfe a gefen bututun hayaƙi, aka auna ta daidai da amon da ke damun direba, sai ta riƙa karɓar wannan amon tana mai da shi a lokacin da zai ci karo da ɗan'uwansa, su kashe juna. Hayaƙi ba ya bi ta cikinta, don haka ba ta shaƙe inji.

Akwai hanya ta biyu mai sauƙi, daga dangin gwajin da wani Bajamushen, Georg Quincke, ya yi a 1866, inda ya raba sauti hanya biyu masu bambancin tsawo ya sake haɗa su suka shafe juna. Masu walda a Amurka suna yanka bututu, su toshe bakinsa ɗaya, su liƙa ɗayan a jikin salansa, sau da yawa a lanƙwashe kamar ƙugiya don ya samu wuri. Sauti ya shiga, ya bugi toshiyar, ya dawo. In tsawon reshen ya zama kashi ɗaya cikin huɗu na zangon sautin, zuwa da dawowa rabin zango ke nan, sai tudun igiyar da ta dawo ya faɗa cikin kwarin mai zuwa. Ga 133 ɗinmu. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa cikin iska mai matsakaicin zafi. A raba 343 da 133, zango ya kama mita 2.58, a raba huɗu, santimita 64 da ɗoriya. Da yake iskar cikin reshen tana da ɗumi, sauti kuma ya fi sauri cikin zafi, a aikace sai an ƙara, wajen santimita 70 zuwa 80, shi ya sa masu wayo ke yin reshen mai zamewa su daidaita shi bayan gwaji. Ni a ganina ba a cika samun darasin kimiyya da ke haɗa raba lamba, da awo, da abin da yaro ke gani kullum a gareji kamar wannan ba. Reshen yana da iyaka: amo ɗaya yake kashewa, in aka canza giya ko girman taya, dirin yana iya komawa wani wuri.

Shekarun 1970 sun sa wa sana'ar linzami. Tarayyar Turai ta wancan lokaci ta ƙayyade ƙarar sabuwar ƙaramar mota a desibel 82 a 1970, ta sauko da shi 74 a shekarun 1990, kuma dokar 2014 ta tsara saukarsa zuwa 68. Kada ƙanƙantar lambobin ta ruɗe mu: ragin desibel 10 a kunne kamar an raba ƙara biyu ne. Amurka ta yi dokar tsabtace iska a 1970, ta ƙara ta yaƙi da ƙara a 1972, kuma daga motocin 1975 aka fara saka matatar hayaƙi, wato katalizar, wadda doka ta hana cirewa. Wannan ya raba salansa gida biyu: daga inji zuwa matata na hukuma ne, daga matata zuwa wutsiya na mai mota. A wannan rabin na baya ne kamfanoni irin su Borla, da aka kafa a 1978, da Flowmaster, da Ray Flugger ya kafa a 1983, suka gina kasuwarsu. Flowmaster ta samo asali ne daga filayen tseren Kalifoniya da ake barazanar rufewa saboda ƙorafin maƙwabta. Maimakon auduga, sai ya jera faranta a cikin tukunya su raba sauti su sake gwara shi. Muryar ta samu karɓuwa ƙwarai, amma tukwanensa na farko sun yi suna wajen diri a cikin mota, aka yi ta sake musu tsari.

Bari in tsaya kan wata magana da samari ke yawan faɗi, cewa buɗe salansa yana ƙara ƙarfi. Abin da ke ƙara ƙarfi shi ne tsawo da faɗin bututu su dace da inji, ta yadda kowane bugun hayaƙi zai bar ɗan gurbi a bayansa ya jawo na gaba. Wanda ya fi nuna haka shi ne Walter Kaaden na kamfanin babura na MZ a Jamus ta Gabas, wanda da taimakon siffar bututu mai kumburin ciki da tsukakken baki, ya sa ƙananan injuna suka gagari manyan kamfanoni. Sirrin ya kai darajar da a 1961 matuƙinsa Ernst Degner ya tsere da shi zuwa Suzuki. Bututun da ya cika faɗi yana rage saurin hayaƙi, inji ya rasa ƙarfin tashi. A babur mai kafireto kuwa, fidda hanjin salansa yana iya sa iska ta rinjayi mai, inji ya riƙa zafi fiye da ƙima. Ƙarar ce ke sa mai babur ya ji kamar yana tashi sama.

Daga ƙarshen shekarun 1980 kamfanonin mota suka karɓe sana'ar daga hannun ƴan gareji. Injiniyoyin Mazda sun yi ta gwada muryoyi kafin su fitar da ƙaramar motarsu MX-5 a 1989. Harley-Davidson ta nemi a yi mata rajistar ƙugin baburanta a matsayin tambarin kasuwanci a 1994, abokan hamayya suka ce duk inji mai irin wannan tsari haka yake kuka, bayan shekara shida ta janye. Toyota ta gayyato sashen kayan kiɗa na Yamaha ya daidaita muryar Lexus LFA. Tsohuwar ƙofar da aka haramta tun zamanin Model T ta sake dawowa, wannan karon kwamfuta ke buɗe ta: a rufe lokacin tafiyar hanya don kada a yi diri, a buɗe in an taka totur. A Mustang ta 2018 har an saka agogo, mutum ya tsara sa'o'in da motar za ta tashi a hankali. Kamfanin da kansa ya ce tunanin ya zo ne bayan maƙwabcin wani babban injiniyansu ya kira masa ƴan sanda da sassafe. Shi ma dirin an samo masa maganin lantarki, bisa dabarar da Bajamushe Paul Lueg ya yi wa rajista a shekarun 1930: makirufo ya saurari amon, lasifika ta fitar da kishiyarsa. Nissan ta saka wannan a Bluebird a farkon shekarun 1990.

Da aka iya cire sauti da lasifika, ƙara shi bai yi wuya ba. BMW M5 ta 2011 tana kunna wa direba muryar inji ta lasifikokin cikin mota. Masu sha'awar mota sun yi ta tsaki suna cewa yaudara ce. Ni kam ban ga laifinta ba, tunda mai son kiɗa ya ji kiɗansa, unguwa ta yi barci. Wanda na kasa ganewa shi ne na Dodge, da ta nuna motar lantarki a 2022, marar inji marar hayaƙi, ta ɗaura mata akwatin ƙara a baya tana alfahari zai kai desibel 126. Wannan dabam yake da ƴar muryar da Turai ta wajabta wa motocin lantarki tun 2019 in suna tafiya a hankali, domin makafi da yara su ji zuwansu.

Saura maƙwabci, kuma a nan ne abin ya shafi aji kai tsaye. A 1975 Arline Bronzaft ta fitar da binciken da ta yi a wata makarantar firamare a arewacin Manhattan, wadda gefenta ɗaya ke fuskantar gadar jirgin ƙasa. Duk bayan minti huɗu da rabi jirgi zai wuce, malami ya yi shiru ya jira. Yaran aji shida na wannan gefe sun kasance baya da kusan shekara guda a karatu in an gwada su da na ɗaya gefen, alhali makaranta ɗaya ce, unguwa ɗaya. Aka saka roba a ƙarƙashin dogo, aka gyara rufin azuzuwan, da ta koma ta sake aunawa a 1981 bambancin ya ɓace. Jirgi ne a can, ba salansa ba, amma malamin da babur ke katse wa jimla sau ashirin a awa ya san lissafin ɗaya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada ƙarar bayan fage a aji ta wuce desibel 35. Kalifoniya ta tsaya a desibel 95 ga ƙananan motoci. Jihar New York ta ɗaga tarar gyaran salansa don ƙara daga dalar Amurka 150 zuwa 1000 a 2022, ta kuma haɗa da garejin da ya yi aikin, wanda a ganina nan ne gizo ke saƙa. A shekarar ce birnin Paris ya fara gwada na'urar da ke jin ƙara ta ɗauki lambar abin hawa, bayan cibiyar auna ƙara ta yankin, Bruitparif, ta ƙiyasta cewa babur ɗaya marar salansa da ya ratsa birnin cikin dare yana iya tada mutum dubu goma.

Mu a nan manyan injunan Amurka ba su dame mu ba. Namu kabu-kabu ne, da ayarin rakiyar amarya, da tsofaffin motocin da ke shigowa daga tashoshin ruwan ƙasashen gaɓa. Game da waɗannan na ƙarshe akwai abin da ya wuce ƙara. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙirga ƙananan motoci na hannu miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin ɗari zuwa Afirka, kuma masu binciken ƙasar Holan sun tarar da wasu an yanke musu matatar hayaƙi tun kafin su hau jirgi, saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, irin su filatinam da faladiyam da rodiyam. Wanda aka bari ma, a nan gida akwai masu sayen sa. Gurbin sai a cike shi da guntun bututu da walda. Motar takan ƙara ƙara, takan yi diri, hayaƙinta kuma yana fita da gubar da matatar ke ƙonewa, musamman iskar nan marar launi marar wari da ke hana jini ɗaukar iskar numfashi. In waldar ta tsage a ƙarƙashin daɓen mota mai tsatsa, gubar ciki take shigowa, ta baya, inda ake zaunar da yara. Yaron da ke yawan ciwon kai, ko jiri, ko barci mai nauyi duk lokacin da aka yi doguwar tafiya gilashi a rufe, kafin a ce rana ce ko yunwa, a sa makanike ya shiga ƙarƙashin motar inji na aiki, ya bi bututun daga gaba har wutsiya yana neman baƙin tabon hayaƙi a bakin kowace walda.